Kifin Dakta

Shekarar da aka ƙara wa mijina girma a asibiti, kifi ya saya. Wasu mazan in suka samu ci gaba mota suke canzawa, wasu su tafi Umra. Nawa sai ya kawo ma'aikata falonmu na Camberwell a London, suka fitar da doguwar kujera, suka kafa tankin gilashi a wurinta, tsawonsa ya kusa cinye bango guda. Aka jera duwatsu masu ramuka a ciki, aka haɗa injin da ke gurnani ba hutu, aka sa abin ɗumama ruwa. Ni da nake roƙo a gyara mini hitar kicin tun sanyin bara, ina tsaye ina kallo ana auna wa kifi ɗumi.

Ranar da aka kawo shi salati na yi, don na ɗauka maciji ne. Dogo ne, ba ɓawo a jikinsa, sai sulɓi da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, kaurinsa ya kai damtsena. Dakta, haka nake kiran mijina tun kafin aure, ya ce sunansa moray, daga teku mai ɗumi ake kamo shi, a can ma cikin kogon duwatsu yake zama. Haka kuwa ya yi a tankin. Ya cusa jikinsa duka a rami ya bar kai a waje, yana buɗe baki yana rufewa, haƙora siri-siri a lanƙwashe ciki. Dakta ya ce numfashi yake yi. Ni dai kullum gani nake kamar baƙar magana yake shirin gaya mini.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda ni 'yar masunta ce. A wani ƙauye na bakin kogi aka haife ni, gaba da Wudil. Da koma da gora ubana ya ciyar da mu, da bandar kifi ya riƙe ni a makaranta har na yi karatun haɗa magunguna a Kano, inda muka haɗu da Dakta. Su 'yan cikin birni ne. Ranar da aka kai ni ɗaki wata yayarsa ta ce a ƙara turaren wuta ko ƙarnin zai ragu. Aka yi dariya, aka ce wasa ne, na haɗiye. To ga shi ɗan birnin ne da kansa ya kawo kifi tsakar falo, yana durƙusawa gabansa da dogon hantsaki, yana miƙa masa jatan lande yana lallashi. Ni ban taɓa samun irin wannan lallashin ba ko ina naƙuda.

Ana nan ɓarin jikin Baba ya shanye. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ni kaɗai ce 'yarsa mace, yayyena maza kuwa kowa da nasa nauyin, kuma kowa yana ganin matar ɗan'uwansa ce ya kamata ta yi jinya. Gaskiya ɗaya zan faɗa wa Dakta, shi ya ce a kawo shi London, shi ya tsaya masa har aka ba shi izinin shigowa neman magani. Izinin na ɗan lokaci ne. In ya ƙare, sai Dakta ya sake tsaya masa kafin a ƙara. Na san haka tun farko, kuma na san abin da ke jiran Baba in ya koma: tabarma a zaure, da magani in an tuna. A nan kuwa ana gasa masa jiki a asibiti, ana koya wa hannunsa riƙe cokali. Duk burina a lokacin bai wuce ya zauna wurina har ya miƙe ba.

Shi kuwa da ƙyar aka ɗora shi a jirgi. Ba tsoron jirgin yake ba. Cewa ya yi, “Ni in kwana a gidan suruki? Da raina?” Sai da limamin garinmu ya sa baki, ya ce lalura ce.

Wanda bai san surukuta irin ta mutanenmu ba ba zai gane wahalar da aka sha a gidan nan ba. A ƙauye, suruki in ya hango surukinsa sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, a gaisa, kowa ya kama gabansa. To ka ɗauko wannan kunyar ka zuba ta a bene hawa na uku, ɗaki biyu da banɗaki guda. Muka mayar da yaran ɗakinmu, Baba ya samu nasu. Ba ya fitowa in Dakta yana gida. Ko fitsari ya matse shi, gara ya daure har ya ji ƙarar ƙofar waje. Ba ya cin abinci inda Dakta zai ji motsin cokalinsa. Kowace safiya Dakta zai tsuguna a bakin ƙofarsa da jakar aiki a hannu ya ce, “Baba, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?” Baba zai kalli bango ya ce, “Da sauƙi. Allah ya yi albarka.” Iyakar abin da ke shiga tsakaninsu ke nan, kuma dukansu biyu suna ganin sun cika mutunci.

Da rana gidan nasa ne shi kaɗai. Yara suna makaranta, Dakta yana asibiti, ni ina wani kemis a Peckham har bayan azahar. Wata rana na dawo na tarar da shi a falo, ya jawo kujerar cin abinci gaban tankin, sandarsa a jingine. Matar da ke gasa masa jiki ta yi ta fama da shi ya riƙa takawa a cikin gida, ya yi ƙememe, ya ce shi ba yaro ba ne da za a koya wa tafiya. Ga shi kifi ya fito da shi.

“Wannan gaiwar Turawa ce?” ya tambaye ni.

Na ce, “Kusan haka, Baba.”

Ya girgiza kai. “A'a. Gaiwa ba ta da wannan bakin. Wannan mafarauci ne. Dubi yadda ya zauna, ba ya bin abinci, jira yake abinci ya zo ya same shi. Kuma idonsa ba ya gani sosai, da hanci yake aiki.”

Daga ranar kullum can nake samunsa. Maganarsa da ta yi nauyi ta fara sakuwa, don yana da abin ba ni labari in na dawo: yau ya fito rabin jiki, yau ya canza rami, yau ya yi hamma. Ni da na tsani halittar nan sai na koma yi mata addu'ar tsawon rai. Da ya ji lokacin dawowar Dakta ya yi, sai ya mayar da kujerar daidai inda ya ɗauke ta, ya ja ƙafa ya koma ɗaki. Dakta bai taɓa sanin yana zama a wurin ba.

Sai kifin ya daina cin abinci. Daga baya na ji cewa irinsu sukan yi haka, su ɗauki makonni ba su ci ba, kuma su dawo garau. Amma Dakta hankalinsa ya tashi kamar ɗansa ne a kwance. Ya canza jatan lande, ya sayo wani abin teku mai ƙafafu da yawa, ya yi ta waya da masu shagon da suka sayar masa. In ya miƙa hantsakin, kifin ya sunsuna ya ja kai baya, sai a wuni ana ɗaure mana fuska. Bangon gidajen London kuwa ba ya riƙe magana. Baba ya tambaye ni me ke damun mai gidan, na ce kifinsa ne ya ƙi ci. Ya ce, “To.”

Abin da ya biyo baya ban san shi a lokacin ba, daga bakinsa na ji bayan komai ya lalace. Washegari da muka fita, ya ɗaga murfin tankin, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana ruwan, kamar yadda ya saba yi wa kowane ruwan da kifi ya ƙi. Ya ji gishiri, ba kaɗan ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a kogi, gishiri bai taɓa haɗuwa da kifi a gabansa ba sai bayan an farke cikinsa za a shanya. Kuma ya taɓa leƙowa ta ƙofa ya ga Dakta yana dama farin gishiri a bokiti yana juyewa a tankin. Sai lissafinsa ya ba shi cewa masu shago sun yaudari yaron nan, ɗan boko ne, ya san jikin mutum amma bai san kifi ba, yana kashe abinsa da hannunsa.

A nan ne raina yake ɓaci har yau. Da a ce ya buɗe baki ya tambaya, da magana biyu ta raba gardama. Amma yaya zai ce wa surukinsa ka yi kuskure? Kuma yaya zai gaya mini, ya rage wa mijina daraja a idona? A tarbiyyarsa, in babba ya ga ɓarakar wanda yake jin kunya, gyarawa yake yi a ɓoye, ya rufa masa asiri, har abada kada a ji. Ga shi yana cin abincin mutumin, yana kwana a ɗakin 'ya'yansa, ba shi da abin da zai saka masa da shi. Kifi kuwa shi ne abu guda a duk faɗin London da yake ganin ya sani.

Sai ya fara da butarsa ta alwala. Ya kwashi ruwan tankin ya zubar a banɗaki, ya ciko ta a famfo ya mayar. Mutumin da ko ƙofar falo ba ya kaiwa sai ya huta, ya riƙa safa da marwa tsakanin falo da banɗaki da buta a hannu. Ni kuwa ina ta murna ƙafarsa tana ƙarfi, har ina ba matar asibiti labari.

Dakta yana da wani ɗan abin awo da yake ɗiga ruwan a kai ya leƙa. Wata safiya ya same ni a kicin ya ce, “Wai wa ke taɓa tank ɗin nan? Gishirin sai dropping yake yi.”

Na ce, “Ni me zai kai ni? Ko kallonsa ba na son yi.”

“To yaran ne. Ki ja musu kunne, ba abin wasa ba ne.”

Na ja wa yara kunne a banza, suka yi ta rantsuwa da Turanci. Dakta ya dama gishiri ya ƙara. Washegari Baba ya ɗanɗana ya ji ya fi na jiya, ya ƙara yawan butocinsa. Haka suka yi ta yi, wannan ya zuba, wancan ya kwashe, da safe kuma a tsuguna a gaisa a sa albarka. In na tuna wannan wani lokaci dariya takan kama ni, sai kuma ta koma wani abu daban tun kafin ta fito.

Ranar wata Asabar Dakta ya tafi taron likitoci a wani gari. Na kai yara Islamiyya, na biya kasuwa na sayo kayan miya. Ina buɗe ƙofa na taka kafet a jiƙe. Murfin tankin yana ƙasa, duwatsun an rushe su gefe guda, ga jini ɗis-ɗis ya bi hanyar banɗaki. Na yar da ledojin na ruga.

Baba yana zaune a kan murfin masai, ya naɗe hannunsa da tawul, tawul ɗin ya rine. Bahon wanka cike da ruwan famfo mai sanyi, kifin yana ciki yana murɗawa yana dukan gefe da jela. Fuskar Baba kuwa, tun da ya sauka a ƙasar nan ban ga ta yi haske irin na ranar ba.

“Na raba shi da gishirin gaba ɗaya,” ya ce. “Ki bar shi ya huta, zuwa gobe zai ci. Kin ga da wane hannun na riƙe shi? Da mataccen. Ya kama ni, amma ban sake shi ba.”

Na ce, “Baba, me ka yi? Kifin teku ne! A cikin gishirin yake rayuwa!”

Ya dube ni yadda yake dubana ina ƙarama in na faɗi shirme. “Wane kifi ne zai rayu a gishiri?”

“Teku duk gishiri ce, Baba. Daga wannan bakin har wancan. Haka Allah ya yi ta.”

Bai ƙaryata ni ba, don ya san ba na yi masa ƙarya. Na ga hasken nan yana sauka daga fuskarsa a hankali. Ya juya ya kalli bahon, ya ce, “Ashe.” Wallahi da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Na jefa wa kifin babban tawul, na cukuikuye shi na mayar tankin, hannuna bai manta gidanmu ba. Sannan na kira mota muka tafi asibiti, don Baba yana shan maganin tsinka jini, jinin ya ƙi tsayawa. Haƙoran sun yaga masa tsakanin babban yatsa da manuni. Aka wanke, aka ɗaure, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Asibitin kuwa shi ne inda Dakta yake aiki. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarmu ta gane ni, ta zo gaisuwa, ta ji abin da ya faru, ta riƙe haɓa. Likitan da ya duba shi ya yi tambayoyin da aikinsa ya ce ya yi: ana barinsa shi kaɗai, yana mantuwa, ya taɓa yin irin wannan? Na ce hankalinsa ƙalau. Ya gyaɗa kai cikin ladabi, amma ni kaina na ji yadda labarin yake a kunnen wanda bai san Baba ba.

Da muka dawo kifin yana kwance a fili, ya bar ramukansa, bakin yana buɗewa da ƙyar. Kafin Dakta ya iso washegari, kifin ya mutu.

Dakta ya tsaya gaban tankin bai cire ko rigar sanyinsa ba. Na gaya masa komai. Ya wuce ƙofar Baba, ya tsuguna, ya ce, “Baba, ya hannun? Allah ya kiyaye gaba. Ba komai, wallahi ba komai.” Baba ya fara cewa, “Na yi maka ɓarna,” Dakta ya tare shi, “Haba Baba, kifi ne fa. Kada ka sa a ranka.” Duk wanda ya ji wannan zai ce Allah ya ba ni miji.

A kicin ya rufe ƙofa ya rage murya.

“He's not safe, barinsa shi kaɗai haɗari ne. Yau kifi ne, gobe gas cooker. Kin san duk department an ji?”

Na ce, “Lafiyar hankalinsa ƙalau. Taimakonka ya yi niyya.”

“Mai hankali ne zai sa kifin teku a bath?”

“Ka taɓa zama ka gaya masa na teku ne? Ka taɓa ce masa ga abin da ya sa kake zuba gishiri?”

“Ni zan zauna ina yi wa surukina lecture? Ke me ya hana ki?”

“Da na san yana taɓawa ai da na faɗa. Kai ne ka ga ruwan yana canzawa, ka ɗora wa yarana.”

Ya ce ba zai yi musu da ni ba, ya gaji. Dakta ba ya faɗa. Da yana faɗa da na san inda zan kama shi. Shiru yake yi, ya je ya aikata abin da ya ga dama da fuskar mutumin kirki.

Ba a jima ba aka kawo wani kifin, ɗan'uwan na farko, har ya fi shi girma. Na ƙyale shi, kuɗinsa ne. Amma rana guda na dawo na ga an kafa sakata da kwaɗo a ƙofar falo, daga waje. Ya ce don yara ne. Yaran da suka girma da tankin ba su taɓa ɗaga murfinsa ba.

Washegari ba ni da aiki. Bayan Dakta ya fita, ina kicin, na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Baba. Tun ranar asibiti bai fito ba sai ranar. Na leƙo ina murna. Ya iso ƙofar falon, ya murɗa hannun ƙofa, ta ƙi. Ya ɗaga kai ya ga kwaɗon. Ya ɗan taɓa shi da yatsun hannun da ke naɗe. Na ce, “Baba, bari in ɗauko makulli, yana nan wurina.” Ya ce, “A'a, bar shi. Dama ƙafa nake miƙewa.” Ya juya ya koma ɗaki.

Na ɗauko sukuddireba na kwance sakatar da kwaɗon da kusoshinsu, na zuba su a farantin Dakta, na rufe da murfi na ajiye masa a tebur kamar abincin dare. Ya buɗe, ya kalla, ya ture gefe ya tambaya ko akwai shinkafa. Bai mayar da kwaɗon ba. Amma aikin gama ya riga ya gama, Baba bai sake taka falon nan ba. Na buɗe ƙofar wangale, na kai masa kujerar da kaina, na ce sabon kifin ya fi wancan kyau, ya zo ya gani. Ya ce idonsa yana ciwo.

Ya rage cin abinci. In na kai masa tuwo sai ya ɗan taɓa gefe ya ture. Ranar gashin jiki ya ce ba ya jin fita. Hannun da ya riƙe kifi ya fara komawa ya dunƙule. Sai wata rana ya ce, “Ki gaya wa mai gidan ina so in je in ga gida.”

Na ce ba zan faɗa ba. Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, na ce ya yi wa Allah ya bari a ƙara masa izinin, ya ƙarasa maganin, ko zuwa bazara ne. Na ce gidan nan nawa ne kamar yadda yake na Dakta. Ya yi murmushi, ya ce, “Ke yarinya ce.” Ina da 'ya'ya biyu da furfura a gaban goshi.

Da ya ga na ƙi, da kansa ya faɗa. Da safe Dakta ya tsuguna gaisuwa, Baba ya amsa, sannan ya ci gaba, yana kallon bango: ya gode da ɗawainiya, Allah ya saka, jiki ya yi sauƙi, yana so ya koma ya ga gona da jikoki. Ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi masa. Ina tsaye a bayan Dakta, ina jira ya ce a'a. Kalma guda ta isa. Da ya ce, Baba, ban yarda ba, sai ka warke, kunyar nan da ta hana Baba magana ita za ta hana shi musu.

Dakta ya ce, “Haba Baba, tun yanzu? To, yadda ka ce. Ba za mu tsare ka ba.”

Kafin azahar ya kira ni ina wurin aiki. “Na yi booking. Akwai wani colleague da zai tafi Kano, zai kula da shi a hanya.” Mutumin da sai ya yi wata bai tuna ya kira mai gyaran hita ba. Na ce, “Allah ya isa tsakanina da kai,” na kashe wayar, na koma ina miƙa wa wata tsohuwar Baturiya maganinta ina mata murmushi.

Abin da na ji tsoro shi ya faru, bai rage komai ba. Aka sa shi a zauren babban yayanmu. Maganin da nake aikawa wani lokaci a ba shi, wani lokaci a ce an manta inda aka ajiye. Babu mai miƙe masa hannu, babu mai cewa tashi ka taka. In na kira sai ya ce lafiya lau, kowa yana ƙoƙari, ya mai gidan, ya yara. Da damina ta zagayo ciwon ya sake buge shi, wannan karon bai tashi ba. Ina hanyar filin jirgi aka binne shi.

Na isa ƙauyen da maganata a baki. Tun daga London nake tattalinta, na ce ko mutum ɗaya ne sai na gaya wa abin da aka yi wa ubana a gidana. Na zaɓi gwaggona, ƙanwarsa, wadda ta yi mini wankan jego. Amma tun kafin in zauna sosai mata suka fara. Ashe Baba ya riga ni. Duk wanda ya zo duba shi sai ya ba shi labarin surukinsa: yadda babban likita guda yake tsugunawa har ƙasa ya gaishe shi kowace safiya, yadda ya fitar da 'ya'yansa daga ɗaki ya ba shi, yadda ya yi ta roƙonsa ya zauna shi ne ya ƙi saboda sanyi. Tabon hannunsa kuwa cewa ya yi ƙofar mota ce ta datse shi. Ba wanda ya taɓa jin zancen kifi.

Na ce, “Gwaggo, akwai abin da ba ku sani ba.”

Ta ce, “Mun sani, 'yar nan, duk ya gaya mana. Irin mijinki sai an tona. Kira mana shi mu yi masa godiya, tun da bai samu zuwa ba.”

Na ce yana aiki. Ta ce in gwada dai. Matan suka matso, har da na bakin ƙofa. Na kira, ya ɗauka. Na buɗe muryar yadda kowa zai ji, na riƙe wayar a tsakiyarsu. Gwaggo ta fara: yadda ka rufa wa ɗan'uwana asiri Allah ya rufa maka, yadda ka riƙe shi Allah ya ba ka masu riƙe ka, Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi masa. Muryar Dakta tana fitowa a hankali, cike da ladabi, “Amin, Gwaggo. Amin. Ai Baba ubana ne.” Ɗakin duka yana amsawa.

Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu. “Ke ba kya cewa amin?”

Na ce amin.